Burga ba ko'ina take ci ba a wasan foka

Jiya a majalisarmu ta Fagge wani abokina na kallon bidiyon gasar foka (wasan kati na caca) ta Las Vegas a waya, wadda kuɗin shigarta dala 10,000 ne, sai cewa ya yi ai wasan duk ɗaya ne, kuɗin ne kawai ya bambanta, wanda ya fi iya burga, wato nuna kamar katinsa mai ƙarfi ne alhali ba haka ba, shi ke kwashewa. Na ce malam ba haka ba ne fa. Caca dai haramun ce, hira kawai muke.

A teburin ƙananan kuɗi yawancinsu 'yan koyo ne, ba sa ajiye kati su janye, ko me ka zuba bin ka za su yi tunda asarar ba ta da zafi, to wa za ka tsorata? Masu ci a can haƙuri suke yi sai kati mai kyau ya zo sannan su zuba da yawa. Ga kamashon gidan cacar ma ya fi cin ƙaramin tebur.

A manyan tebura kuwa kowa na karantar kowa, in kullum sai da kati mai ƙarfi kake zubawa nan da nan za su gano ka su daina bi, dole ka riƙa cakuɗa gaskiya da burga.