Kaskar da ke jikin kunkuru ba a jikin kunkuru take tsayawa ba

Abin da ya fi ɓata mini rai a maganar buhunan kunkuru da damo da aka zazzage jiya a bakin kara, dab da turakun awaki da tumaki, shi ne babu wanda ya kula da kaskar da ke jikinsu. Waɗanda suka ga hotunan abin, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, daga mai tambayar farashi zuwa mai tausayin dabbobin da aka cusa a buhu ba ruwa ba iska. Amma mai hajar yana tsugune yana cizge kaska da farce daga wuyan kunkuru da hammatarsa, yana yarwa a ƙasa domin kayansa su yi kyan gani, ga ɗan akuya yana sansanar wurin, kuma duk kasuwar ba a sami mutum ɗaya da ya ce masa ya bari ba. Wannan ganganci ne da dukiyar mutane da lafiyarsu, kuma bai kamata a bar shi ya wuce a matsayin abin kallo ba.

Dabba mai jan ciki da aka kamo daga daji ba ita kaɗai take zuwa ba. Kaska tana maƙale a fata mai laushi ta wuyan kunkuru da gindin wutsiyarsa, tana shiga hancin damo da tsakanin yatsunsa, a jikin mesa kuwa tana lafewa a ƙarƙashin ɓawon fata har ido ya kasa bambanta su. Yawancinsu 'yan dangin Amblyomma ne, wato dangin kaskar nan mai zane a baya da ke addabar shanunmu da damina, wadda makiyaya suka daɗe suna danganta ta da kirci. A wannan dangin ne ake samun masu ɗaukar bakteriyar Ehrlichia ruminantium, mai haddasa ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciyar dabba. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san kamanninsa ko da bai san sunansa ba: zazzaɓi mai zafi, tunkiya ta dinga zagaye wuri ɗaya, ta dafe kanta da bango, ta faɗi tana shure-shure, mahauci ya farke ta ya tarar da ruwa kwance a ƙirji. Ƙaramar kaska ta sha jini mai cuta, ta faɗo ƙasa, ta sauya fata, sannan ta hau dabba ta gaba da cutar a cikinta. Macen da ta ƙoshi kuwa dubban ƙwai take zubawa a inda aka yar da ita.

Masu cewa mun cika tsoro su dubi Amurka. A shekarar 2000 ma'aikatar gona ta ƙasar ta hana shigo da nau'i uku na kunkurun Afirka, ciki har da babban kunkurun nan na yankin Sahel da ake samu a Nijar da Chadi da Mali da arewacin Najeriya, bayan an gano alamar wannan ƙwayar cuta a cikin kaskar da ke jikin kunkurun da aka kai jihar Florida daga Zambiya. Ba su jira garke ya fara faɗuwa ba, domin sun ga abin da ya faru a maƙwabtansu: kaskar shanu ta Afirka ta Yamma ta bi shanun da aka ɗauka daga Senegal zuwa tsibirin Gwadalup, daga baya balbela ta taimaka wajen watsa ta zuwa sauran tsibiran Karibiyan, aka kwashe shekaru ana kashe maƙudan kuɗi ba a gama da ita ba.

Za a ce mini ai cutar a nan take tun kaka da kakanni, me kunkuru zai ƙara mana. Wannan ba hujja ba ce. Ƙwayar cutar iri-iri ce, kuma dabbar da jikinta ya saba da irin na yankinta ba lallai ta jure wanda aka kawo daga wani daji mai nisa ba, ballantana shanun madara da aka yi wa barbara da na Turai, waɗanda mutane ke cin bashi su saya. Za a kuma ce kaskar maciji maciji kawai take cizo. Wasu haka suke, amma wa ya tsaya ya tantance wace ce a buhun jiya? Mai hajar bai sani ba, mai sayen bai sani ba. Mutum ma bai tsira ba, domin a dangin Amblyomma akwai masu ɗaukar bakteriyar Rickettsia africae, wadda ke kawo zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa da baƙin tabo a wurin cizo, a yi ta ɗirka wa mara lafiya maganin zazzaɓin cizon sauro, alhali maganin da ke yi masa daban ne.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. Kada a sauke dabbar daji mai jan ciki a kusa da kara ko turke ko mashaya. Kaskar da aka cire a jefa ta cikin kananzir ko wuta. Likitan dabbobi ya duba kaya kafin a baje su, kamar yadda ake duba nama a kwata. Kuma idan jami'an kwastam sun kama irin waɗannan dabbobi a hannun masu fasa-ƙwauri, a killace su a cire musu kaska tukuna, kada a kwashe su a sake a dajin da ya fi kusa, inda Fulani ke kiwo.

Shi kansa babban kunkurun nan ƙarewa yake yi a dazukanmu. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje domin ciniki, amma har yanzu ana tono su daga ramukansu ana cika buhu da su. Ina so masu farauta da ke karanta wannan su gaya mini yaushe rabonsu da ganin babba guda a dajin da suka saba shiga.