Hawan jini: a kira mai girki ta ji bayanin likita

Masu hawan jini da yawa suna fita daga ɗakin likita da abu biyu: takardar magani, da umarnin cewa a rage gishiri. Daga nan sai a kira na gaba, domin layi ya yi tsawo. Umarnin daidai ne, amma a ganina ba ya aiki, saboda wanda ake faɗa wa ba shi ke riƙe da ludayin miya ba.

Maigida ya koma gida ya ce wa uwargida likita ya hana shi gishiri. Sai ta rage ɗan farin gishirin da take barbaɗawa, amma ta murmushe dunƙule huɗu a tukunya kamar kullum, ta jefa kanwa a miyar kuɓewa don ta yi yauƙi. Ba laifinta ba ne. Babu wanda ya gaya mata cewa kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne, ko cewa kanwa ma tana ɗauke da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri wanda ke tayar da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wannan lissafi ya haɗa har da wanda ke ɓoye a burodi da kilishi da yajin da ake barbaɗa wa tsire.

Wasu gidajen kan ware wa mara lafiya tukunyarsa daban. Da tsadar gas da gawayi, da wuya hakan ya daɗe; yau an yi, gobe an gaji, jibi ya koma cin na kowa. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a rage wa gidan gaba ɗaya, sannu a hankali, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Cikin 'yan makonni harshe yakan saba. Yaran ma sun amfana, tunda ciwon yana bin jini.

Sai maganar ƙwayar kanta. Mutanenmu sun saba da maganin zazzaɓin cizon sauro, a sha kwana uku a warke. Da wannan tunanin ake karɓar maganin hawan jini: da zarar ciwon kai ya lafa, ko awo ya sauko ƙasa da 140/90, sai a ajiye. Alhali awon ya sauko ne saboda maganin, kuma ciwon yakan yi ɓarna ba tare da wata alama ba, sai dai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki ko a tsinci mutum a layin wankin ƙoda. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, kuma ɗaya cikin biyar ne kawai jininsa ya daidaita.

Amlodipine, ɗaya daga cikin magungunan hawan jini da aka fi rubutawa, yakan kumbura wa wasu ƙafa. In ba a sanar da mutum tun farko ba, sai ya ce maganin bai karɓe shi ba, ya koma zoɓo da jiƙe-jiƙe, maimakon ya dawo a canja masa. Ga kuma diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis saboda ciwon jiki, su ma suna tayar da jini, kuma ba kasafai mai kemis yake tambaya ba.

Za a ce likita ba shi da lokacin wannan dogon bayani. Gaskiya ne, amma ba dole sai likita ba. A 2020 aka fara wani shirin yaƙi da hawan jini a jihohin Kano da Ogun, wanda ya ɗora awo da bibiyar marasa lafiya a kan ma'aikatan ƙananan asibitoci. Waɗannan ma'aikata sun san unguwa, sun san abin da ake ci a cikinta. Abin da nake nema shi ne a zuwa na biyu a rubuta a katin mara lafiya cewa ya taho da mai yi masa girki. In kuwa matar ce mai ciwon, a kira maigidan, domin shi ke cefane, kuma daga aljihunsa kuɗin maganin wata-wata ke fita.