'Yan histuwar, ku je ku yi sitaj kafin memuwar ya kama ku

Jiya a fada wani ɗan ajinmu ya ce shi ba zai ɓata bakansi wajen shaƙar ƙura kyauta ba, to ni wata biyu na yi ina shaƙarta, ko dala ba a ba ni ba, kuɗin kabu-kabu daga Harobanda ma daga aljihuna ya fita, amma wallahi abin da na koya a ɗakin nan shekara uku na zama a anfi ba su ba ni shi ba. Ba zan faɗi sunan wurin ba, ma'ajiyar tsofaffin takardu ce dai a nan Yamai.

Ranar farko na zo da ɗoki da sabon kaye, na ɗauko wata takarda da ta yage na ciro sikoci daga jaka zan liƙe. Dattijon da ke kula da ɗakin ya riƙe mini hannu ya ce, "Ɗana, wannan takarda ta girmi kakanka, gara ba ta kashe ta ba, kai ne za ka kashe ta?" Na ce Baba gyara fa zan yi. Bai ce komai ba, ya jawo wata da wani ya liƙe shekarun baya, sikocin ya bushe ya faɗi amma ya bar tabo ruwan ƙasa da ya cinye rubutun, ba mai iya karanta layin kuma har abada. Tun ranar ya karɓe bik ɗina ya ba ni fensir. Ba a lasar yatsa a juya shafi, ba a shiga da shayi, ƙusar agarafez cire ta ake yi don tsatsa take. Wane mushe ne ya taɓa gaya mana wannan?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne littattafan ajami da na larabci. Namu na nan ba a ɗinke suke ba, warwara ne a cikin gafaka, in iska ta watsa su ko wani ya yi gaggawa shi ke nan sun cakuɗe. Ashe malaman da suna rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ka gama, da ita ake bin sawu. Kwana huɗu na yi a kan littafi ɗaya ina haɗa kai da gindi. Kuma a nan ne allo ya yi mini rana, don rubutun irin na Warshu ne, fa'un ɗigo a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, abokin sitaj ɗina da ya fi ni faransanci nesa ba kusa ba sai kallo. Ni da a lakkwal nake ɓoye cewa na yi makarantar allo a Tahoua! A IRSH kaɗai, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, sashen rubuce-rubucen larabci da ajami da ake kira MARA, akwai irin waɗannan rubuce-rubuce dubbai, ga cibiyar CELHTO da aka kafa tun 1968 don tarihin baka. Wa zai karanta, wa zai saurara, in mu duka muna jiran aikin ONG mai kilim?

Da na gaya wa Inna a waya cewa aikin gidan tarihi nake son yi sai ta ce, "Wato kuraye za ka riƙa ba nama?" Ban ga laifinta ba, mu duka haka muka san Mize, gidan tarihin ƙasa, ranar salla a je a ga zaki da dorina a sha yawut a dawo. Alhali gidan nan tun 1959 yake, kafin ma a samu 'yancin kai, kuma sunan Boubou Hama da yake ɗauke da shi ba na ado ba ne, mutumin da kansa ya tara tarihi ya rubuta. Ragowar itacen da yake tsaye shi kaɗai a hamadar Tenere da mota ta kaɓe a 1973 tana ciki, ga ƙasusuwan dinozor na Gadufawa. Amma yanzu in na shiga ba su nake fara dubawa ba, 'yar lambar da ke jikin kaya nake nema, don na gane cewa tukunya in ba a rubuta inda aka tono ta da wanda ya kawo ta da ranar ba, ta zama kasko kawai. Ku duba Bura, wurin tsofaffin kaburbura a yammacin Nijar. An gano wurin a 1975, masanin kayan tarihi Boubé Gado ya yi tono a 1983 ya rubuta komai, shi ya sa mahayin doki na yumɓu da aka tono a can yake da magana. Waɗanda ɓarayi suka haƙe da dare suka sayar Turai kuwa, ko an maido su gobe ba mai cewa ga ramin da suka fito.

Ba na cewa komai daidai ne. Ɗan sitaj a wurare da dama ɗan aike ne, a tura shi fotokofi a tura shi sayen kofto, in bai yi naci ba zai gama bai taɓa rajista ba. Kuma wanda ba shi da mai ba shi jika ɗaya ta mota ba zai jure ba, a nan ina tare da abokina. Amma ku rubuta demandi ku kai da ƙafarku, in an ce chef ba ya nan ku koma, ni sau uku na koma. In kun shiga ku manne wa tsohon da ya fi kowa daɗewa, ba mai babban biro ba, don shi ya san kwalin da lambarsa ta goge, kuma irinsu saura kaɗan su tafi ritaya.

Sitaj ɗina ya ƙare tun watan jiya amma littafin nan saura shafi biyu ban gano ba, Baba ya ce wataƙila suna cikin gafakar kusa da shi. Litinin zan koma in duba.