Wai Hamilton butulu ne? A Kano haka suka ce, a Legas kuma kuɗi kawai ake tambaya

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2024 da labari ya fito cewa Lewis Hamilton, direban tseren motoci na Formula 1, zai bar Mercedes ya koma Ferrari nake cikin gardama biyu, ɗaya a guruf ɗin WhatsApp na 'yan unguwarmu a Kano, ɗaya kuma a nan Agege wajen mai shayin da muke zama bayan isha'i, kuma har aka gama kakar 2025 babu wadda ta lafa a cikinsu. Mu Hausawa masu kallon Formula 1 ba mu da yawa, ranar Lahadi in tsere ya faɗo ƙarfe biyu na rana sai mun lallaɓi mai gidan kallo ya bar mana ƙaramar talabijin ta lungu, don 'yan Firimiya sun riga sun kama babbar. Amma 'yan kaɗan ɗin nan wallahi in muka fara musu sai ka rantse gado ake rabawa.

A Kano kalma ɗaya ce a bakinsu, butulu. Yayana ne ya fara faɗa, ya turo saƙon murya mai tsawo yana cewa kai ka duba fa, yaron nan tun yana ɗan shekara 13 McLaren da Mercedes suka ɗauki nauyinsa, tunda ya shigo Formula 1 a 2007 bai taɓa tuƙa motar da ba injin Mercedes a cikinta ba, kambun zakaran duniya bakwai ya ci shida daga ciki a gidan Mercedes, sai yanzu don mota ta yi sanyi shekara biyu shine zai tattara ya tafi? Yace kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Kusan duk guruf ɗin suka goyi bayansa, har waɗanda ba su san bambancin Ferrari da Red Bull ba, saboda maganar ta daina zama ta tsere, ta koma maganar yaro da ubangida, wannan kuwa kowane Bakano yana da ra'ayi a kai. A gida in yaron shago ya bar maigidansa ya koma wajen wani a layi ɗaya, ko shekara goma aka yi ana nuna shi da baki.

A nan Legas kuma da na kawo zancen, tambayar farko da wani direban tirela ɗan Sakkwato ya yi min ita ce, nawa za su ba shi? Shikenan. Ba wanda ya ambaci halacci. Garin nan ya canza mana tunani ba mu ankara ba, direban da ke kai balas, wato kuɗin mai mota, kullum da yamma ko ya samu ko bai samu ba, ya yini a gosulo ya ƙona mai, mai mota kuma ba ruwansa, wannan mutumin ba za ka zo kana masa wa'azin zama da ubangida ba. Yau yana wajen wannan oga, wata mai zuwa wani ya ƙara masa abu kaɗan ya koma can, kuma ba wanda zai zage shi, wayo ma ake kiran abin.

Ni duka biyun ban yarda da su ba, kuma ina da dalili, don abin ya taɓa ni a jikina. Shekara tara na yi ina ja wa wani Alhaji mota a Kano, ina ɗauko masa kaya ina kaiwa kasuwa, shi ya biya min kuɗin lasin, da zan yi aure ya taimaka min, bana mantawa. Da na samu aikin tuƙi a wani kamfani a Apapa na ce zan tafi, wannan yayan nawa dai shi ya ce min kada ka zama butulu. Na yi sati biyu ba na barcin kirki. Ƙarshe na je gidan Alhaji da kaina na durƙusa na ce Alhaji ga abin da ya taso, iyali sun ƙaru, motar nan kuma ta tsufa kwana uku a hanya kwana huɗu a gareji, ina neman izini da albarka. Ya yi shiru sannan ya ce Allah ya ba da sa'a. Na ƙara masa wata biyu har ya samu wani direban, na miƙa mukulli da takardu babu abin da ya ɓace. Abokin aikina da ya zauna saboda kunya, bayan shekara ɗaya aka sayar da motarsa aka ce ya je gida za a neme shi, har yau ba a neme shi ba.

To wannan shine abin da 'yan Kano ba sa son a faɗa, wai halaccin daga ɓangare ɗaya kawai ake nemansa. Ku duba Carlos Sainz. Shi aka tayar daga kujera don a ba Hamilton, bai yi laifin komai ba, a shekarar ma aka yi masa aikin afendis bayan sati biyu ya shiga mota ya ci tseren Ostireliya, ya sake ci a Meziko, duk da haka Ferrari ta sallame shi ya koma Williams. Waye a guruf ɗinmu ya kira Ferrari butulu? Babu. Valtteri Bottas shekara biyar yana Mercedes yana tare wa Hamilton baya, wani lokacin a ce masa ya kauce ya ba da hanya ya kauce, da George Russell ya nuna kansa aka ce masa an gode. Red Bull kam ba a magana, a 2016 tsere huɗu kacal aka yi suka sauke Daniil Kvyat suka ɗora Max Verstappen, a 2019 suka sauke Pierre Gasly a tsakiyar kaka, a 2025 Liam Lawson tsere biyu, biyu fa, aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyarsu aka kawo Yuki Tsunoda. Ita kanta Mercedes da Hamilton ya tafi ai ba ta zauna makoki ba, yaro ɗan shekara 18 ta ɗauko, Kimi Antonelli, wanda dama ta daɗe tana renonsa. Kamfani in ya lissafa ya ga ba ka da amfani sai a ce kasuwanci ne, direba in ya yi nasa lissafin sai a ce ya ci amana. Wannan hukuncin bai yi min ba ko kaɗan.

Amma su ma 'yan Legas da ke cewa kuɗi ne kawai, sun yi kuskure babba, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari don neman abinci ya kamata ya fi kowa ganewa. Direba komai iyawarsa motar da ke ƙarƙashinsa ita ce rabin maganar, a Formula 1 ma ta fi rabi. Daniel Ricciardo yana Red Bull yana cin tsere, ya tashi ya koma Renault a 2019 aka ba shi kuɗi masu kauri, shekara biyu bai ci ko ɗaya ba, ya koma McLaren ya samu guda a Monza a 2021, ƙarshen 2022 aka raba gari tun kwantiraginsa bai ƙare ba. Fernando Alonso kuwa duk wanda ya san tsere ya san gwani ne na gaske, kambu biyu ya ci da Renault a 2005 da 2006, daga nan ya shiga yawo, McLaren, ya dawo Renault, Ferrari, ya sake komawa McLaren a 2015 daidai lokacin da injin Honda ke mutuwa a hanya kamar tsohuwar danfo a kan gadar Third Mainland. Rabonsa da cin tsere a Formula 1 tun 2013 a Sifaniya. Albashi bai taɓa yanke masa ba, amma ka tambayi duk mai sonsa ko kuɗin sun share masa hawaye.

Abin da ya kamata a riƙa tambaya shine wace mota zai tarar, kuma yaushe dokokin ƙera mota za su canza. Hamilton ɗin nan ai ba yau ya fara ba. A ƙarshen 2012 da ya ce zai bar McLaren ya koma Mercedes, mutane sun ce ya haukace, don a shekarar McLaren ta ci tsere bakwai, Mercedes guda ɗaya tak, ta ƙare a ta biyar. Niki Lauda, tsohon zakaran tsere kuma ɗaya daga cikin manyan Mercedes a lokacin, shi ne ya zauna da shi ya nuna masa abin da ke tafe, sabon injin da za a fara amfani da shi a 2014 mai haɗa fetur da lantarki, wanda Mercedes ta daɗe tana aiki a kai. Me ya biyo baya? Kambu a 2014, 2015, 2017, 2018, 2019, 2020. McLaren ɗin da ya bari kuma tun daga ƙarshen 2012 ba ta sake cin tsere ba sai 2021. Da ya bi shawarar masu cewa a zauna da ubangida, da yanzu kambu ɗaya muke lissafa masa, na 2008. Na faɗa wa Yaya wannan, yace ai wancan daban, nace Yaya da girmanka amma McLaren ce fa ta rene shi tun yana yaro, in butulci ne tun wancan lokacin ya yi shi, kuma kai a lokacin kake sonsa.

Ba zan ɓoye ba, shekararsa ta farko a Ferrari ta yi min ciwo. Da ya ci gajeren tseren ranar Asabar a Sin a watan Maris na yi ihu har maƙwabcina Bayerabe ya leƙo yana tambaya lafiya, washegari aka soke sakamakonsa saboda katakon ƙasan motar ya cinye fiye da yadda doka ta yarda. Daga nan har kaka ta ƙare bai shiga ukun farko a babban tsere ko sau ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tunda ya fara. Sainz da aka kora kuma ya zo na uku a Baku da motar Williams. Ranar wayata ba ta huta ba, 'yan Kano suna ta turo alhaki ne, alhaki ne. Ni kuwa nace ba alhakin kowa, Ferrari ce. Rabonta da kambun direba tun 2007 da Kimi Raikkonen, na ƙungiyoyi tun 2008. Alonso ya je ya yi shekara biyar ya fito hannu rabbana, Sebastian Vettel ya je da kambu huɗu ya yi shida bai ƙara ko ɗaya ba. Shi kansa Michael Schumacher da ake misali da shi, a 1996 ya je, sai 2000 ya fara ɗaukar kambu da su, kuma ba shi kaɗai ya je ba, Ross Brawn da Rory Byrne sun biyo shi daga Benetton, wato ya taho da masu haɗa motar. Schumacher yana da shekara 27 lokacin, yana da sararin jira. Hamilton da 40 ya shiga. Nan ne tsorona yake, ba a maganar alhaki ba.

Kuma ko a hakan ban ga laifinsa ba. Mutumin da aka ƙwace wa kambu na takwas a zagayen ƙarshe a Abu Dabi a 2021, ya yi 2022 da 2023 bai ci tsere ko ɗaya ba, ya ga shekaru suna tafiya, ya ga 2026 za a sake canza doka gaba ɗaya da injin da jikin mota, kowa zai fara daga tushe, me zai zauna jira? Ni ma da na ga motar Alhaji ta fi daɗewa a gareji fiye da kan titi ai ban jira ta mutu a hannuna ba.

Inda nake tare da 'yan gida ɗari bisa ɗari shine yadda ake tafiya, kuma nan ne Legas ta lalata mu. A nan direba sai ya ajiye mota a bakin geti ya kashe waya, oga ya wayi gari ba direba ba labari, wasu ma har da bashin balas. Wannan shine butulci na ainihi. Hamilton gidan Toto Wolff, ogan ƙungiyar Mercedes, ya je a Oxford ya faɗa masa baki da baki tun kafin kaka ta fara, ya ba su kusan shekara guda su nemi wani, ya zauna ya gama musu 2024, har ya ci musu tseren Silverstone na Ingila yana kuka a cikin mota, ya ƙara da na Beljiyam. Ka kwatanta da Oscar Piastri a 2022, Alpine da ta rene shi ta sanar cewa shi zai tuƙa mata, bayan 'yan awanni ya hau Twitter ya ce ba da shi ba, ashe ya riga ya sa hannu da McLaren. Kwamitin da ke duba kwantiragi ya ba McLaren gaskiya, kuma zaɓin ya yi masa kyau sosai, sakacin Alpine ne da ba ta ɗaure shi a takarda ba, duk na yarda, amma har yau in na tuna yadda abin ya fito a bainar jama'a sai in ji wani iri, tarbiyyar gida ba ta bar ni na tafa masa ba.

Ni har yanzu duk sallah in na je Kano sai na kai wa Alhaji gaisuwa da ɗan abin da ya sawwaƙa, yana karɓata hannu biyu, bara ma cewa ya yi in nemo wa ƙaramin ɗansa hanya a Apapa. Yaya yana wajen ya ji da kunnensa. Da muka fito nace Yaya to yanzu ni da Hamilton wa ya rage a butulcin? Yace kai daban, shi kuma sai na ga jar motar nan ta 2026 tukuna. Na ce masa in Allah ya kai mu tseren Monza ya zo Legas, ni zan biya masa kuɗin mota, mu kalla tare a ƙaramar talabijin ɗin lungu.