Muna Biyan Kuɗin Wuta, Muna Kwana da Fitilar Kayan Bola

Duk wanda ya ratsa lungunan cikin birnin Katsina bayan sallar isha'i, daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Guga, ko ya fita bayan ganuwa ya shiga Sabuwar Unguwa, zai ga irin hasken da gidaje da yawa suke kwana da shi. Zai ga tsohon faifan sidi da aka huhhuda aka jera masa ƙananan ƙwayaye masu farin haske, an kafa shi a kan guntun katako da batura uku. Zai ga robar ruwa a ɗore a kan tocilar waya domin hasken ya bazu a ɗaki. Zai ga batirin babur da ya gama aikinsa a kan titi an girke shi a kusurwa yana riƙe da ƙwai ɗaya tak, kuma a gidan da ba su da ko wannan, aci-balbal ta gwangwanin madara ce take ta turnuƙe ɗaki da hayaƙi. A saman waɗannan gidaje duka akwai wayar lantarki da ta taso daga turke ta shiga, kuma takardar kuɗin wuta tana zuwa kowane wata ba ta taɓa makara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda masu hali, waɗanda suka jera sola a kan rufinsu ko suka ajiye janareta a bayan gida, suke kallon waɗannan fitilu suna yabon basirar talaka, har wasu suna cewa ai ga shi nan mutanenmu sun iya neman mafita da kansu. Basira kam akwai ta, kuma ba zan rage wa yaran da suke wannan aiki komai ba. Amma rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki, kuma duk wanda ya mai da wannan wahala abin alfahari yana taya waɗanda suka jefa mu cikinta ɓoye laifinsu ne.

Ya kamata mai yabon ya san abin da yake yabo. Fitilar faifan sidi, wadda ta yaɗu a Arewa tun a shekarun 2000, ba ta da wuyar haɗawa: ana samun ƙwayayen LED daga matacciyar tocila ko a saya a kasuwa, a huda faifan a zura ƙafafunsu, a haɗa dogayen ƙafafu wuri ɗaya gajeru wuri ɗaya, a naɗe batura uku a cikin kwali, sannan a sa makunni idan an samu, idan ba a samu ba a riƙa murɗa waya da hannu. Ƙyallin faifan yana mayar da hasken gaba, shi ya sa take cika ido a daren farko. Sai dai farin ƙwan LED yana bukatar kimanin bolt 3 ne, batura uku kuwa suna ba da bolt 4.5, kuma da yake yawancin masu haɗawa ba sa saka ɗan abin nan da ke rage ƙarfin wuta, ƙwayayen sukan riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin su gama mutuwa ma batura sun yi sanyi, haske ya dushe, yaro yana kai littafi dab da hancinsa domin ya ga baƙi. Bayan 'yan kwanaki sai a sake sayen wasu batura, a jefar da tsofaffin a kwata ko a bola, inda ƙananan yara suke fasa su suna wasa da baƙin garin da ke ciki.

Yanzu an ci gaba, idan har za a kira wannan ci gaba. Matasa masu gyaran waya da rediyo suna sayen matattun baturan kwamfutar tafi-da-gidanka daga hannun 'yan gwangwan, su fasa su, su ciro ƙananan baturan litiyom da ke ciki, irin waɗanda ake kira 18650, su gwada su ware masu sauran rai. Kowane ɗaya yana ba da bolt 3.7, yana cika a bolt 4.2, kuma idan aka haɗa biyu ko uku a cikin robar man shafawa ko guntun bututun ruwa, ana samun fitilar da za ta kai dare ana caja ta gobe. Wannan ya fi sayen batura kullum sauƙi, amma haɗarinsa ya fi girma nesa ba kusa ba. Batirin litiyom da aka caja fiye da ƙima, ko aka huda shi, ko wayoyinsa biyu suka haɗu, yana iya yin zafi ya kama da wuta mai wuyar kashewa. Akwai ɗan ƙaramin allo da ake sa masa domin ya yanke caji idan ya cika, amma mai saye ba ya son a ƙara masa ko sisi, mai haɗawa kuma yana son ya sayar, sai a bar shi. A haka ake ajiye wannan abu a kan katifa, a ɗakin da babu taga mai kyau, a watan Afrilu da zafin Katsina yake haura digiri 40, yara suna barci a gefensa. Batirin babur kuwa dalma ce da ruwan asid a cikinsa, kuma duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010, ɗaruruwansu, ba zai so a riƙa fasa irin wannan batir a tsakar gida ba, ko da yake can daga haƙar zinariya gubar ta fito.

Da na yi wa wani matashi mai wannan sana'a a unguwarmu magana kan haɗarin, amsar da ya ba ni ita ce: "Baba, wallahi na sani, amma wanda ya zo da kuɗin fitila bai zo da kuɗin kariya ba, kuma idan na ƙi yi masa, gaba zai yi." Ban ga laifinsa ba. Laifin yana wuyan waɗanda suka bar magidanci yana zaɓe tsakanin duhu da gobara.

Sannan a daina cewa wannan haske mai araha ne, domin lissafi ya ƙaryata hakan. Ƙwai mai cin wat 3 idan ya yi awa biyar a kunne, ya ci wat-awa 15 ke nan, wato ɗan ƙaramin yanki na yunit ɗaya. Ko da a farashin rukunin A, na layukan da aka fi ba wuta, mafi tsada, wanda aka ɗaga zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024 kafin a ɗan rage shi, wannan hasken na dare guda bai wuce naira uku da 'yan kai ba. Amma kafin mutum ya tara yunit ɗaya daga manyan baturan tocila, sai ya ƙone wajen guda ɗari. Kowa ya san nawa ake sayar da batir biyu a shagon unguwarsu, sai ya ninka ya gani. Ma'anar wannan ita ce matar da take sayar da ƙosai a bakin hanya tana sayen haske da tsadar da ta ninka ta mai gidan bene sau da yawa, kuma nata hasken shi ne mafi rauni. Mai fitilar caji ma bai tsira ba, domin sai ya kai ta shagon masu cajin waya ya biya, su kuma da fetur suke tayar da injinsu, fetur ɗin da ya tashi daga ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Kananzir kuwa tun a 2016 aka janye masa tallafi, kuma tsadarsa ce ta kori fitilar ƙwai daga gidajen da iyayenmu suka raine mu da ita.

Duk da haka ana kawo mana takardar biya. A layinmu gidaje da yawa ba su da mita, kuɗin ƙiyasi ake yanka musu, kuma adadin ba ya sauka ko da an yi makonni ba a ga ƙyallin wuta ba. Idan taransifoma ta lalace, sai a ce mu yi karo-karo, alhali hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa ta sha nanata cewa sayen taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfani ne, ba na masu amfani da wuta ba. Mun yi karo-karon, domin wanda ya ƙi shi za a nuna da yatsa a masallaci. An gyara, an kawo wuta da tsakar dare lokacin da kowa yake barci, an ɗauke kafin asuba, kuma da gari ya waye masu yanke waya suka iso da tsaninsu. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda duk abin da take da shi na lantarki ƙwai biyu ne da fanka ɗaya, ta riƙo takardarta ta zo ta ce mini: "Malam, duba mini, wannan kuɗin na wace wutar ne?" Na duba, kuma ban sami amsar da zan ba ta ba, domin a daren da ya gabata jikanta ne ya zo aron tocila a gidana.

Ba jiya aka fara yi mana alkawari ba. A 2005 aka yi dokar gyaran harkar lantarki, aka sauya sunan NEPA, a watan Nuwamban 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, aka ce daga nan duhu ya ƙare. Har yau abin da ake rabawa ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 yana yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. An kasa mu rukuni-rukuni, an ce rukunin A awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, amma a tambayi mazauna unguwannin talakawa ko suna ganin ko da awa huɗun nan a jere. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna kuma layin da ke hawowa ta Benuwai ya samu matsala, jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara suka zauna, ruwan sha ya yi tsada. Mu Katsinawa kuma muna da namu ciwon na daban a Lambar Rimi, inda aka kafa injinan iska 37 domin samar da megawat 10, aikin da aka faro tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna. Shekara da shekaru matafiya suna wucewa suna ganin turakun a tsaye, garuruwan da ke kewaye da su kuma suna kunna aci-balbal.

Wasu masu ba da shawara daga nesa sukan kawo maganar kwalbar ruwa da wani makanike ɗan Brazil, Alfredo Moser, ya ƙirƙiro a 2002, wadda ake cikawa da ruwa da ɗan sinadarin bilic a soka a rufin kwano ta haska ɗaki kamar ƙwai mai wat 40 zuwa 60. Dabara ce mai kyau, amma da hasken rana take aiki, mu kuwa rana ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. Matsalarmu tana farawa ne daga magariba, kuma ɗakin soro mai rufin azara ba a huda shi a sa kwalba.

Abin da duhun nan yake ci ya wuce kuɗi. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar kammala sakandare yana karatu da hasken da yake dushewa kafin ya gama shafi biyu. Makarantun dare na Islamiyya suna tashi da wuri. Uwa tana auna wa jariri magani da tocilar waya a baki domin hannuwanta biyu suna aiki. A lokacin zafi, da mutane suke kwana a tsakar gida, kunama tana harbin yaro kafin a lalubo makunnin fitilar da waya ta kwance. Kuma a jihar da take fama da matsalar tsaro, lungu mai duhu kyauta ce ga ɓarawo.

Tun da aka yi gyaran tsarin mulki da sabuwar dokar lantarki a 2023, jihohi suna da ikon tsara harkar wutarsu da kansu, saboda haka babu sauran fakewa da cewa komai yana hannun Abuja. Muna son a sa wa kowane gida mita, a daina karɓar kuɗin wutar da ba a bayar ba, a mayar wa unguwanni kuɗin taransifomar da aka tilasta musu tarawa. Muna son a bayyana wa jama'a a fili awa nawa kowane layi ya samu a wata, domin mu gwada da abin da aka rubuta mana. Kuma tun da an bar yaranmu su ne suke haska gari, to a tara su a cibiyoyin koyon sana'a a koya musu yadda ake gwada tsohon batir da yadda ake sa masa kariya, a sauƙaƙa musu kayan, a kuma ware wurin da za a riƙa kai matattun batura maimakon kwatar da take bi ta ƙofar gidajenmu.