Neman burodi mai gishiri a Perugia

Mahaifina dillalin fata ne a Kano, kuma yawancin masu sayen kayansa 'yan Italiya ne. Ranar da ya gaji da biyan tafinta sai ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi boko, je ka koyo mana yaren mutanen nan." Haka na tsinci kaina a Perugia, gari a kan tudu a tsakiyar Italiya, inda akwai jami'ar da aikinta koya wa baƙi Italiyanci. Hawa da gangaran garin sun kai har sai da aka kafa matakala masu tafiya da kansu, saboda tsofaffi da irina.

Makon farko na ci kasuwata. Malama ta ce abin da ke kayar da baƙi shi ne harafi mai ninki: nonno kaka namiji ne, nono kuwa na tara. Amurkawa da 'yan China na ajinmu suka yi ta gumi. Ni da na san bambancin daba da dabba tun ina goye? Sau ɗaya na faɗa, malama ta ce "Bravo!" Daga ranar kaina ya daina shiga hula.

Wadda ta fara sauke mini shi tsohuwar da nake haya a gidanta ce, ko in ce jikanta. Ina nuna musu hotunan gida a waya, muka zo kan hoton kakata. Kalmar nonna ta ɓace mini, sai na cike gurbin da Hausa: "Questa è la mia kaka." Yaron nan ɗan shekara shida ya faɗi ƙasa yana birgima. Ashe cacca a wurinsu kashi ne, kalmar da yara ke faɗa idan suna neman fo. Allah ya ja kwanan Hajiya, ba ta san abin da aka yi da sunanta a Turai ba.

Sauraro kuwa wani bala'in ne daban. A aji ana magana kamar ana ba jariri koko, a titi kuwa kamar an kwance famfo. Sai na ɗauki dabarar gyaɗa kai ina cewa "sì, sì" ga duk abin da Sinyora, wato tsohuwar da nake haya a gidanta, ta faɗa. Da wannan "sì, sì" na amince zan riƙa hawa da ita kayan cefane hawa huɗu kowace Asabar, ban sani ba sai da Asabar ɗin ta zo.

To, ga maganar burodi. Burodin yankin Umbria, inda Perugia take, lami ne, ba gishiri ko ƙwaya. Na yi ƙorafi da ɗan Italiyancina, Sinyora ta zaunar da ni ta ba ni tarihi. Sai a karo na uku na gane: a 1540 Paparoma Paul na Uku ya ɗora harajin gishiri, mutanen Perugia suka yi tawaye, aka murƙushe su, kuma a faɗarta tun daga nan suka yi fushi da gishiri a burodi. Fushin shekara kusan ɗari biyar, ni ne zan biya. A nan na koyi cewa gishiri sale suke ce masa, don haka duk mai suna Sale da ke shirin zuwa Italiya ya kwana da sanin matsayinsa. Daga ƙarshe ta ce akwai wani forno, wato gidan burodi, da ke yin mai gishiri, in tambaya a cikin gari.

Sai dai ina da ciwo, ciwon duk Bahaushe: p da f. Garin da nake zaune ma Ferujiya nake ce masa. Malama ta yi mako biyu tana sa ni haɗe leɓe: pane, pasta, Perugia. Na yi ta haɗewa a banɗaki, a kan matakala, har leɓena suka saba, suka daina tambayar izini.

Da yamma na fita Corso Vannucci, babban titin da duk garin ke fitowa shan iska. Na zaɓi wani dattijo mai kwat da matarsa riƙe da hannunsa, don na ga alamar mutunci. Na gyara murya, na tuna a yi wa babba magana da Lei na girmamawa, ba tu na tsara ba.

"Scusi, signore, dov'è il porno?"

Ya ce, "Come?"

Na ɗauka kunne ne ya yi masa nauyi, sai na ɗaga murya na maimaita. Don ya gane da gaske nake, na ƙara da jimlar da na haddace: ina son sa da zafinsa, kullum da safe. Matar ta ja shi kamar ta ga mahaukacin kare. Shi kuwa yana tafiya yana waiwaye, ya haɗe yatsu yana kaɗa mini hannu.

Sai na ji murya a bayana da Hausar zango: "Malam, kai Bakano ne ko?" Wani ɗan Kumasi ne, ya shekara goma sha a ƙasar, dariya ta hana shi tsayuwa daidai. Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗan'uwa, finafinan batsa kake tambayar tsoho a gaban matarsa." Na nemi ƙasa ta tsage, amma titin dutse ne.

Shi ya raka ni har gidan burodin. Ƙamshi ya buge ni, ga mai gishirin nan yana sheƙi. Na miƙa hannu, ɗan Kumasi ya riƙe ni, ya tambayi mai shagon ko akwai strutto a ciki. Akwai. Man alade ne. Na koma gida da lamin Paparoma a leda.

Da daddare Baba ya kira. Na ɗauka na ce "Pronto," kamar ɗan gari.

Ya ce, "Yaya yaren? Ka fara iya ciniki?"

Na so in ce piano piano, wato sannu sannu, sai na ce, "Fiyano fiyano, Baba."