Yawan haihuwa ba ya kawar da buƙatar asibiti

Mutane da yawa sun ɗauka cewa macen da ta haihu sau biyar ko shida a gida lafiya, ungozomar unguwa ta wadatar da ita. Wannan kuskure ne, domin mahaifar da ta sha ɗaukar ciki takan yi jinkirin tsukewa bayan fitar mabiyiya, daga nan jini ya ɓalle, alhali ungozomar gargajiya ba ta da allurar tsayar da shi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau 8. Wajen zaɓen asibiti kuwa, a bincika ko ƙwararriyar ungozoma tana kwana a wurin, kuma ko ana ƙarin jini da tiyata.